Hannun da Ya Karye a Kaduna

Kaduna, 9 ga Maris, 1980

Zuwa ga taubashiyata, Malama Husaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga wanda ya daɗe bai ji muryar 'yan gida ba. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Atiku da yara, har da 'yan ajinki na firamare da kike bugun tebur saboda su. Ni lafiyata lau, sai zafin da ya fara sauka, wanda na san bai kai rabin na Tambuwal ba.

Kafin komai, yaya Inno? Yaya gwiwarta? In Atiku ya kai ki Kebbe ranar Asabar ki gaishe ta, ki ce Dikko yana durƙusawa. Na san ba za ta amsa ba. Shekara biyu ke nan da wata huɗu tun da labari ya iske ni cewa ta rantse ba za ta ƙara yi mini magana ba sai na dawo na zauna a kan buzun Baba na ci gaba da karantarwa a zaurensa. Ke 'yarta ce, kin fi ni sanin yayar Baba, Malam Dawuda, ba ta rantsuwar wasa. Amma ita ta goya ni tun ina wata bakwai da uwata ta rasu, ban san wata uwa ba, kuma ni ban rantse da komai ba. Don haka ki gaishe ta.

Ga labari. An kawo wani sabon inji masana'antarmu, girmansa ya kusa ɗakin Inno. Ƙarfe yake sassaƙawa, yadda masassaƙi ke fitar da akushi daga guntun itace. Bambancinsa da sauran injinan shi ne yana da kwamfuta a gefe, wato wani akwati mai karanta umarni. Sai mu rubuta abin da muke so layi-layi, a huhhuda shi a jikin wata siririyar takarda mai tsawon rawani, injin ya karanta hujin ya aikata. Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya kuma tambayarka ko ka tabbata. Baturen da ya zo da shi, wanda muke ce wa Dogo, shi yake koya mini, don ni aka zaɓa in riƙe shi in ya koma ƙasarsu.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne wannan. A tsakiyar injin akwai wani ƙarfe a tsaye wanda ke riƙe wuƙar sassaƙa yana juyawa da ita. Duk aikin a kansa yake. Na buɗe ƙamus in ga ma'anar sunan da Turawa ke kiransa da shi, sai na ga ashe kalmarsu ce ta mazari. Mazari dai na kaɗi, irin na Inno. Na zauna ni kaɗai ina ta dariya har abokan aiki suka zaci wani abu ne. Na bar Kebbe, na yi makarantar sana'a a Sakkwato, na zo Kaduna, ashe a kan mazari zan ƙare. Don Allah ki karanta wannan wurin da ƙarfi in tana kusa.

Ki gaida Malam Ɗanmaliki da mutanen zaure.

Naki,
Dikko

Tambuwal, 24 ga Maris, 1980

Zuwa ga Injiniyan Kaɗi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kana lafiya. Mu ma lau muke, ban da ƙaramar da ta yi ƙyanda ta warke. Atiku yana gaishe ka, ya ce in ka ƙware ka aiko masa da abawa ta rigar Sallah. Ni kuwa tun da na karanta nake tunanin wace irin taskira zan saya maka, da alli na shafa wa yatsu. Gwamnati ta kashe wahala ta ilimantar da namiji guda, ya tashi ya ƙwace wa tsofaffi sana'a.

Gwiwar Inno tana nan yadda ka sani. Idon ne ya ƙara ja baya, yanzu ba ta gane mutum sai ya yi magana. Kaɗi dai ba ta bari ba, ta ce shi ba da ido ake yinsa ba.

Na je ranar Asabar. Hanyar Kebbe ta kusa zubar mini da haƙora a bayan babur. Na iske ta a gindin itacen ƙaiƙayi da mazarinta, na zauna nesa kaɗan na ce bari in karanta wa akuya wasiƙa, tunda gidan ba mai son ji. Ta yi kamar ba ta ji ba. Da na zo wurin gaisuwarka ko motsi ba ta yi ba. Da na zo wurin mazari sai na ga hannunta ya tsaya. Can ta ce, "Ƙarya ta. Namiji mi yas sani ga mazari?" Na ci gaba har ƙarshe, na ninke takarda. Sai da muka ci abinci, Atiku ya ta da babur, sannan ta kira ni ta ce, "Ba shi nika tambaya ba, ke nika tambaya. Mazarin ga nasu, dama shika juyawa ko hagu? In ya yi sauri, mi ka tsinkewa, tunda babu zare? Kuma wa ka tsai da shi?" Na ce Inno ni ina na sani. Ta ce, "To malamar mi kike?"

Saboda haka ni ce nake tambaya, ka ji. Ka amsa mini dalla-dalla, don in daina jin kunya.

Kada dai ka cika murna. Bari in gaya maka abin da na daɗe ina hadiyewa. Zauren Kawu Dawuda ba abin da ya rasa, Malam Ɗanmaliki yana riƙe da shi fiye da yadda kai za ka riƙe, kuma Inno ta san haka. Ni a ganina ba buzun ne ya ƙona mata rai ba. Ka tashi ka hau mota ba ka yi mata sallama ba, sai a bakin mai kai gero kasuwa ta ji cewa ɗanta ya tafi Kaduna. Ina wurin lokacin. Ta tambayi mutumin sau uku ko Dikkon wani gida yake nufi, sannan ta rantse. Ban taɓa rubuta maka wannan ba don kada in ɓata maka karatu, yau dai ya fito.

Taka,
Husaina

Kaduna, 6 ga Afrilu, 1980

Husaina,

Bayan gaisuwa da fatan ƙaramar ta murmure. Ina lafiya. Wannan takarda, Ɗangiwa direba zan ba, mutumin Sanyinna mai motar goro, ya ce jibi zai bi ta Tambuwal, zai riga gidan waya.

Maganarki ta ƙarshe ta zauna mini a ƙirji. Zan dawo kanta wata rana. Bari in amsa wadda na iya.

Ki gaya wa mai tambaya, wato ke, cewa mazarinmu yana juyawa duka biyu. In na rubuta M3 ya juya dama, in na rubuta M4 ya juya hagu, M5 kuma ya tsaya. Yawancin wuƙaƙenmu dama suke ci, in ka juya su hagu sai su yi ta gogar ƙarfe suna zafi ba su yanki komai ba. Amma akwai abin da ya rikita ni da farko. Damar nan sai ka san daga ina kake kallo. In ka leƙo daga sama, dama ce. In ka tsuguna ka kallo shi daga ƙasa, juyin nan ɗaya sai ka rantse hagu ne. Na yi gardama da Dogo a kan wannan har ya kama wuyan rigata ya ɗora ni kan benci ya ce in duba daga nan. Mu biyu duk gaskiya muke faɗa, wurin tsayuwarmu ne ya bambanta.

Sauri kuwa, harafin S ne da lamba. In na rubuta S800, zai zagaya sau ɗari takwas a minti guda, ba ƙari. Babbar wuƙa a hankali take so, siririn mahuji kuma sai da gudu. Ƙarfe mai tauri a hankali, mai laushi da sauri. Akwai lissafinsa a littafi, amma kunne ma yana faɗa. In saurin ya dace, injin yana wani gurnani mai daɗi, ɓarɓashin yana zubowa fari. In ya wuce kima sai ya fara kuka, ɓarɓashin ya koma shuɗi, bakin wuƙar ya ƙone. To abin da ke tsinkewa ke nan a wurinmu. Na tuna Inno tana cewa daga ƙarar mazari take sanin zaren maƙwabciya zai yi kyau ko ba zai yi ba.

Tambayar ƙarshe ita ce mai wuya. Tsayawa iri biyu ce. M5 zai tsaya ne duk inda ƙarfinsa ya ƙare. Amma injin yana canja wuƙa da kansa. Yana da wani ƙarfe mai lanƙwasa a gefe, mai yatsu biyu, mu dai hannu muke ce masa, don ba abin da ya fi kama da shi. Hannun ne ke shigowa ya zare tsohuwar wuƙa daga bakin mazari ya sa sabuwa. Kafin ya shigo, dole mazarin ya tsaya yana fuskantar wuri ɗaya tak, don kunnuwansa biyu su dace da yatsun. Umarnin wannan shi ne M19: ya rage gudu, ya lallaɓa, ya juyo da fuskarsa daidai, ya kafe. In ba a rubuta shi ba hannun zai shigo ya iske shi a karkace. Akwai wani makulli da aka sa don ya hana haka, amma namu ya lalace tun watan jiya, muna jiran nasa daga Turai. Kafin nan ido ne kawai da kula.

Gudu ba ya ba ni tsoro kamar wannan tsayuwar. Kullum sai na riƙe numfashi har in ji ƙas ɗin da yake yi in ya zauna.

Ki karanta wa akuya a hankali.

Dikko

Kaduna, 1 ga Mayu, 1980

Husaina,

Ina gaisuwa. Shiru ban ji amsarki ba, Allah ya sa lafiya.

Abin da nake tsoro ya faru ranar Talata. Mazari bai tsaya daidai ba, hannu ya shiga, ya karye daga wuyansa. Ƙarar har ofis an ji ta. An ce nan ƙasar ba mai iya gyara shi, watakila ma sai dai a cire shi gaba ɗaya. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ki yi haƙuri da rubutun, ba zan iya doguwar takarda ba yanzu.

Ku sa ni a addu'a. Ki gaida Inno.

Dikko

Tambuwal, 12 ga Mayu, 1980

Dikko ɗan'uwana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu, sannu. Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗarka. Tun watan Maris ba mu ji daga gare ka ba, ina ta zaginka a raina cewa ka yi fushi da abin da na rubuta, ashe abin da ke tafe ke nan. Da na ga rubutun a karkace tun a bayan ambulan na san ba lafiya ba. Wane hannu ne? Wane asibiti kake? Wa ke kula da kai? Don girman Allah kada ka sa hannu a takardar yarda su cire shi. Atiku ya nemi izini a wurin aiki, ƙarshen wata zai taho.

Na so in ɓoye wa Inno. Ban iya ba, daga sallamata ta gane. Ta ce, "Mi yaf faru? Karanta." Yau ba maganar akuya. Na karanta, ta ce in sake, na sake. Ta ajiye mazarin a ƙasa, ita da ba ta yarda ya taɓa turɓaya. Ban taɓa ganin Inno tana kuka da sauti ba, ko ranar rasuwar Kawu, sai ranar nan.

Ta aika aka kira Malam Ɗanmaliki ta tambaye shi hukuncin wanda ya karya rantsuwa. Ya ce ciyar da miskinai goma. Ka san yadda rumbu yake a wannan lokaci, kusan irin shuka kawai ya rage. Na ce ta bari in kawo daga Tambuwal. Ta ce bakinta ne ya rantse, geronta zai fita. Ta sa aka sussuka, aka auna mudu goma, ta faɗi sunayen gidajen da kanta. Sai da aka dawo da kwanon ƙarshe sannan ta ce in ɗauko alƙalami. Ga abin da ta ce, ban gyara ko kalma ɗaya ba:

"Dikko, ni ta, Inno. Ni ka magana, ba Husaina ba. Wane hannu na, dama ko hagu? Kak ka bari su yanke ma shi, likitocin birni ba su da haƙuri da ƙashi. Namadi maɗori shina nan Jabo da ranshi, shi yaɗ ɗora ƙafar ubanka da jaki yak ka da shi ƙasa. Ka taho gida. Ko ka zauna zaure ko kak ka zauna, ka taho. Hannun ga ni nak koya mai ɗaukar loma. Allah shi ba ka lafiya, Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Ka ji, ta ce ɗana. In kana da mai rubuta maka, ka amsa da gaggawa.

Husaina

Tambuwal, 15 ga Mayu, 1980

Dikko,

Ban ma san da wace gaisuwa zan fara ba. Ɗazu da hantsi ina cikin aji sai ga Ɗangiwa direba yana sosa ƙeya, da wata takarda duk man inji. Ya ce a aljihun ƙofar mota ya tsince ta da zai kai wanki. Takardarka ce ta shida ga Afrilu.

Na karanta a bakin taga. Da na zo inda ka ce "mu dai hannu muke ce masa", sai na nemi kujera. Na yi dariya har yara suka firgita, daga nan dariyar ta koma kuka. Alhamdu lillahi. Amma wallahi da kana kusa da ni na karya maka shi da kaina. Wane irin mutum ne zai rubuta wa 'yan gida hannu ya karye bai ce na wa ba?

Yanzu ga matsalar. Ban je Kebbe ba, kuma ban aika ba. Kwana biyar ke nan Inno tana ambaton sunanka a fili, tana ba mata labarin ƙuruciyarka, ta sa an share ɗakinka. In na ce mata hannun ƙarfe ta yi wa kuka, ta karya rantsuwa, ta fitar da geronta, ka san ta. Za ta ce mun haɗa baki mun mai da ita abin wasa, kuma shirun da za ta yi wannan karon ban san ranar ƙarewarsa ba. Ba yarinya ba ce, Dikko, ba mu da wasu shekaru biyu na jira.

Ga shawarata. Ka nemi hutu ka taho da hannun a naɗe. Ba ta gani sosai. Mu ce tsagewa ce, an ɗora, ya kama. Atiku ya ce ba ruwansa da wannan, ya ce ƙarya ƙarya ce. Ni na ce masa ba mu muka ƙaga ta ba, da kanta ta zo, mu dai kawai kada mu kore ta. Asabar mai zuwa zan ce amsarka ba ta iso ba tukuna, wanda gaskiya ne. Bayan nan sai abin da ka ce.

Husaina

Kaduna, 25 ga Mayu, 1980

Husaina,

Ina gaishe ku, ina kuma neman gafararku ke da Atiku saboda tashin hankalin da na jawo. Ki ce masa kada ya taho. Lafiyata lau.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Maganar Inno ban san sau nawa na karanta ta ba. Na haddace ta. Ba zan ɓoye miki ba, da na gama ta biyun na fita na sayi bandeji a kemis, na dawo ɗaki na naɗe hannun hagu don in ga yadda zai yi. Ya yi kyau ƙwarai, ko likita sai ya yarda. Na zauna ina kallonsa, ina jin muryarta tana cewa sannu, tana shafa shi. Ina son wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Amma akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar da hannun injin ya karye, wuta ta yi ta rawa tun safe, sai Dogo ya ce ita ce ta rikita kwamfuta. Haka ya rubuta wa mutanensu. Ni kuwa na san ba ita ba ce. Ranar Litinin takardar umarnin ta yage, na sake huda sabuwa ina sauri don in tashi da wuri, na tsallake layi ɗaya, na M19. Bayan abin ya faru na ɗaga takardar a haske na ƙirga hujin, na ga gurbinsa babu. Na nannaɗe ta na sa a aljihu na yi shiru. Wannan ne ya hana ni cin abinci, ba ƙarar ƙarfen ba. Ban yi ƙarya da bakina ba, na dai bar wadda ta zo da kanta ta zauna, kamar yadda kika ce. Mako uku ina haka, na san ɗanɗanonta, ba zan iya kai wa Inno irinta ba.

Na kwance bandejin. Washegari na kai wa Dogo takardar. Ya ɗaga ta a taga ya daɗe yana bi da yatsa, ya yi wasu maganganu da yarensu da na gode Allah ban ji ba. Ya ce laifin rabi nasa ne da ya bari aka yi aiki makulli a lalace, amma shirun nawa ne ni kaɗai. An mai da ni wurin masu goga da zarto, ban sani ba ko za a sake ba ni injin. Na ci tuwo malmala biyu ranar.

Yanzu ki je Kebbe, ki zauna kusa da ita, ba nesa ba, ki karanta mata wannan yadda yake:

Inno, Dikko ne. Na ji maganarki, na amsa, na gode. Hannuwana duka biyu lafiya suke, ko ƙwarzane babu. Wanda ya karye na inji ne, ƙarfe ne, mu ne muke ce masa hannu. Ba da gangan na rubuta haka ba, kuma Husaina ba ta sani ba sai daga baya. Ki yafe mini kukan da kika yi da geron da kika fitar. Akwai kuma wanda ya fi wannan. Ranar da zan tafi na zo har ƙofar ɗakinki da jakata, na ji kina addu'a bayan salla. Na san in na tsaya kika juyo kika ce kada in tafi, ba zan iya tafiya ba. Sai na wuce. Tsoro ne ya sa, ba raini ba, amma ke ba ki da hanyar sanin haka. Na yi laifi. Ba zan ce miki zan dawo zaure ba, don ba gaskiya ba ne. In kin koma shirunki hakkinki ne, ni dai zan ci gaba da gaisuwa.

Husaina, kada ki rage komai, kada ki sa masa zuma. Na san abin da nake iya rasawa.

Dikko

Tambuwal, 9 ga Yuni, 1980

Dikko,

Muna lafiya. An yi ruwan shuka ranar Alhamis, hanyar Kebbe ta zama taɓo, sau biyu muna sauka muna tura babur. Duk hanya ina zaginka, kai da gaskiyarka.

Na zauna gwiwa da gwiwa da ita na karanta. Da na kai wurin ƙarfe ta ce, "Tsaya. Ƙarfe? Ƙarfe nay yi ma kuka?" Na ce eh, Inno. Ta ce, "Ƙarasa." Na ƙarasa. Inda ka ce ka zo ƙofar ɗakinta, na ga leɓenta yana motsi. Da na gama ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗaki ta saki asabari. Na kai mata fura ta dawo da ita. Ni ma ta daina yi mini magana. Na ce wa Atiku ya koma shi kaɗai, ya zo ya ɗauke ni Lahadi da yamma. Gaskiya na fid da rai, har na fara shirya yadda zan rubuta maka.

Lahadi da safe Malam Ɗanmaliki ya shigo gaishe ta kamar kullum. Ina wanke-wanke ina jinsu. Ta ce, "Malam, rantsuwar da anka karya bisa kuskure, tana komowa?" Ya ce a'a, ta warware, an yi kaffararta, ta wuce. In tana son ta koma ga abin da take a kai da, sai dai ta sake wata sabuwa. Ta ce to. Ya tafi. Ta zauna a bakin ƙofa, ba kaɗi ba tasbaha, har rana ta take tsaka. Ni kuwa kwano ɗaya na wanke shi ya fi sau biyar.

Sai bayan azahar ta ce, "Ke, malamar banza, kawo alƙalaminki." Ga shi nan yadda ta faɗa:

"Dikko, ni ta. Wawa kake, amma ban goyi maƙaryaci ba, wanga na gode ma Allah. Ranar nan na ji takunka ga ƙofa. Na ja addu'ata da tsawo don ka shigo ka iske ni, ba ka shigo ba. Geron kaffara miskinai sun tuƙa sun ci, ba shi komowa rumbu. Malam ya ce in shiru nika so sai in sake rantsuwa. Na zauna na duba, ba ni da ƙarfin wata. Ka taho kafin azumi da hannuwanka duka biyu in lalube su da kaina, don ni yanzu ban yarda da takarda ba."

Husaina